Baƙuwar Bazara

Duk wanda ya san Hajiya Zara'u a Tasawa ya san ba ta da hirar da ta wuce ta Gindin Tudu. In aka yi zancen fura, sai ta ce ai mutum bai sha fura ba tukuna sai ya sha ta Gindin Tudu. In aka yi zancen iska mai daɗi, nan ma can ne. Ƙauyen yana cikin kwarin Gulbin Kaba, gaba da Mayahi, a maƙale tsakanin tuddai biyu na rairayi waɗanda mutanen wurin suke kira tsaunuka, kuma ba da wasa suke faɗa ba. Ita ma Hajiya haka take kiran su, alhali akuya mai ciki tana haye su ba ta tsaya hutawa ba.

Sana'a ce ta kai ta can. Mijinta, Allah ya ji ƙansa, shi ke sayen wake da riɗi a kwarin kowace kaka, kuma gidan wani manomi, Ɗan Malam, shi ne masaukinsa. Da ya rasu, Zara'u ta ɗauki buhunan ta ci gaba da sana'ar, ta kuma gaji masaukin. A ɗakin Biba ake sauke ta, yayar Ɗan Malam, tsohuwar da ta dawo gidan ƙaninta bayan rasuwar nata mijin. Biba tana da baki, ba ta barin kowa, amma hannunta a sake yake. Ba ta taɓa kiran Zara'u da sunanta ba, kullum sai Ta Tasawa.

To, kwarin nan da kaka sai wanda ya gani. Tun daga kan tudu za ka hango dammunan hatsi jibge a bakin gonaki, amalanke na kaiwa da komowa, Fulani sun sauko da shanu cikin kara, nono ya yi arha har yara suna raina shi. Motocin 'yan kasuwa daga Maraɗi da Tasawa suna kafewa cikin rairayi, samari suna turawa suna dariya. Babu gidan da ba baƙo: 'ya'yan gari masu aiki a birni, masu awo, makaɗa, 'yan kokawa. Yau biki a wannan gida, gobe a wancan. Baƙo ya zo da sabulu da goro, in zai koma a ɗora masa dami da zabo, a raka shi har bayan gari ana ba shi haƙuri wai ba a yi masa komai ba. Wannan shi ne Gindin Tudun da Zara'u ta sani, kuma ta ɗauka shi ke nan duka.

Shi Ɗan Malam dogo ne, ba mai yawan magana ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, bai sake aure ba. In Zara'u tana awo a ƙofar gida, sai ya ja tabarma can gefe ya zauna, wai yana tsare mata buhuna, ko da yake ba a taɓa ɗaukar ko ƙwayar wake ba a ƙofar gidan nan. Da hannunsa yake zaɓo mata zangarniyar sabon hatsi ya gasa mata tumu, aikin da ko matashi mai ji da kansa ba ya yi. Kowa a ƙauyen ya gane inda aka dosa tun kafin su biyun su gane.

A kakar bara ne Biba ta gaji da jira. Ta sami Zara'u tana ɗinke bakin buhu, ta zauna a kan wani buhun ta ce, "Ta Tasawa, ƙanena ya aiko ni, shi bakinshi ya mutu. Yana son ki zamna gidan ga gaba ɗaya, ki bar zuwa da komawa. Ni dai na isar."

Zara'u ta yi dariya, ta ce wane irin aure da furfura. Amma allurar da ke hannunta sau nawa tana sokawa a gefe. Gaskiyar magana tana son mutumin, ta daɗe tana son sa, kuma ta gaji da zaman gidan da ba mai tambayar ta ya gajiya sai don ladabi. Ta ce a gaya masa zai ji amsa kafin ruwa ya sauka.

Da ta koma Tasawa ta gaya wa babban ɗanta Sabiru, wanda yake aikin biro, wato ofis, yake kuma zaune da iyalinsa a sashe ɗaya na gidan. Sabiru ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Inna, ni ba ni hana ki. Baba Ɗan Malam mutumen kirki ne, kowa ya shaida. Amma vraiment, gaskiya, kwarin ga da kike yabo, da kaka kaɗai kinka san shi. Kin taɓa ganin shi da bazara?"

"Ni za ka gaya ma Gindin Tudu?" in ji Zara'u. "Kana ɗan makarantar lakwal da gajeren wando nike zuwa can."

"Da kaka, Inna."

Bai ƙara komai ba, kuma rashin ƙarawar ne ya fi ba ta haushi. Maganar ta zauna mata a rai duk rani. Da bazara ta kama sosai, zafi ya kai inda ko ƙadangare ba ya ƙetare tsakar gida da rana, sai ta ce za ta je ta gani da idonta, don ta dawo ta rufe wa yaron nan baki. Ba ta aika ta ce tana zuwa ba, don a ganinta mutum ba ya neman izinin shiga gidansu. Ta haɗa tsarabar da ta saba: sabulu, goro, sukari da ganyen shayi, turaren wuta na Biba, da yadin shadda na Ɗan Malam, wanda ta sa a can ƙasan jaka don kada jikokinta su gani su yi ta tambaya.

Motar kasuwa ta kai ta Mayahi, daga nan ta ɗauki ɗan kabu-kabu, wani magidanci ɗan kwarin. Yana ɗaure jakar a bayan moto, wato babur ɗinsa, sai ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya dubi Hajiya.

"Hajiya, kayan ke nan duka?"

"Ƙaura ka ga zan yi?"

Ya ce a'a, Allah ya ba ta haƙuri, ya tayar da moto.

Da suka hau kan tudu, Zara'u ta dafa kafaɗarsa ta ce ya tsaya, ta tambaye shi ko ya ɓata hanya. Ya ce ai ga garin nan a gabanta. Ta duba. Gonakin da ta sani sun zama fili fetal, ko kara babu, an kwashe an kai gida saboda dabbobi. Babu shanu, babu amalanke, babu hayaƙin girki. Gawo da goriba kaɗai ke tsaye da ganye. Rumbuna suna jere a gefen gari, kowanne an danne jinkarsa da igiya an kewaye shi da ƙaya. Ta kasa kunne ko za ta ji kiɗa ko dakan mata, ba ta ji komai ba sai ƙarar gugar rijiya daga nesa.

A cikin gari ma haka. Tsofaffi a gindin bango, yara, da mata a inuwa suna saƙar tabarmar kaba. Duk mai ƙarfi a jika ya tafi cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu ma iyayensu ba su san takamaiman inda suke ba. Matan suka bi moton da kallo, suna gaishe ta da fara'a, amma ta lura idonsu yana komawa kan jakarta.

Biba ta fito da ragowar kaba a hannu. Ta tsaya cak, sannan ta ce, "Ta Tasawa? Lahiya dai? Wa ya mutu?"

"Sai an mutu zan zo gidanmu, Yaya?"

Biba ta rungume ta, kuma murnar ta gaske ce, Zara'u ta ji ta a jikinta. Aka shimfiɗa mata tabarma, matar Salisu, wato surukar gidan, ta kawo ruwa a ƙwarya. Salisu shi ne babban ɗan Ɗan Malam, kuma shi ma ya tafi cin rani tun bayan kaka. Zara'u ta zazzage tsaraba. Biba ta sa albarka, ta sunsuna turaren, ta ce yau ɗakinta zai yi ƙamshin amare, sannan ta ɗan leƙa cikin jakar kafin ta ture ta gefe.

Ɗan Malam bai shigo ba sai da azahar, daga gona, inda yake sassabe da watsa taki kafin ruwa. Riga ce a jikinsa duk faci, ƙafafunsa fari fat da ƙura, kuma ya rame har wuyansa ya ƙara tsawo. Da ya gan ta ya ja da baya kamar zai koma waje ya sake shiri, sai kuma ya ga an riga an gan shi. Ya gaishe ta, ya tambayi mutanen Tasawa ɗaya bayan ɗaya, yana ta jan hannun rigar yana rufe wani rami a gwiwar hannu. Zara'u ta ji tausayinsa, ta kuma ji ya ƙara shiga ranta, abin da ba ta shirya masa ba.

Ranar aka dama mata fura mai kauri, ko da yake ba nono sai tsamiya. Da yamma aka yi tuwo, aka yanka kaza. Kamar kullum, a ɗaki aka kai mata ita kaɗai, don haka ake girmama baƙo a gidan, kuma da kaka ba ta taɓa kawo komai a ranta ba. Ta ci ta rage, kwano ya fita, ya dawo a wanke nan da nan. Washegari ma haka. Ta dai yi ta fama da zafi, tana fifita da faifai, tana tuna fankarta da ruwan sanyinta na Tasawa. Ruwan nan kuwa sai matar Salisu ta yi sammako ta bi layin rijiya, ta dawo hantsi ya dubi ludayi da tulu ɗaya.

Kunnenta ne ya fara tona asirin. Macen da ta yi rayuwarta cikin hatsi ta san ƙarar turmin da ya cika, ta san ta wanda aka zuba wa abu kaɗan a gindi. Da la'asar ɗin rana ta uku tana kishingiɗe ta ji ana daka a bayan ɗaki, taɓarya tana dukan itace fiye da hatsi, kuma ba a jima ba aka daina. Dakan cikin mutum ɗaya ne. A gidan kuwa akwai tsofaffi biyu, da suruka, da 'ya'yanta.

Da aka kawo mata tuwo ba ta taɓa ba. Ta ɗan jira, sannan ta ɗauki buta kamar mai zagayawa, ta bi ta bayan zana. Can ta same su zaune a kewaye da akushi ɗaya, Biba da matar Salisu da yaran, suna cin kwaɗon ganyen jiga da aka barbaɗa wa ɗan garin rogo. Matar Salisu ta yi sauri ta ja faifai za ta rufe. Biba ta ce ta bari, tunda an gani an gani.

"Yaya, mi ke nan?" in ji Zara'u. "Ga rumbu can cike, da idona na ga ana zuba mashi dammuna."

Biba ta sa suruka ta janye yaran, ta matsa wa Zara'u wuri a tabarma.

"Zamna in gaya maki, tunda ke 'yar kaka ce. Wancan rumbun gandu ne. In an gama kaka, maigida ya ɗaure shi gaban ɗiyanshi, sannan su kama hanya su tahi biɗa, wato cin rani. Ba a kwance shi sai ruwa ya sauka, maza sun dawo, an shiga noma. Wanda zai wuni duƙe da hauya ai sai da tuwo cikinshi. Kuma irin da za a shuka yana ciki. Mu mata, da ɗan abin da munka noma a gonakinmu muke cin rani, in ya ƙare mu saƙa tabarma mu sai da, in ba ciniki ga jiga nan Allah ya tsirar."

"To hurar da nike sha, da tuwon?"

"Na yarinyar ga ne, ɗan abin da ta ɓoye ma goyonta. Yau aka karkaɗe tukunyar." Biba ta faɗi haka ba da zafi ba, sai ma ta dafa mata gwiwa. "Ba laihinki ba ne, ba ki sani ba. Nan garin, baƙon kaka da sabulu yake zuwa. Baƙon bazara da hatsinshi yake zuwa a kai, ko ɗiyar gida ce ta zo ganin uwarta. Kowa ya san haka, shi ya sa ba wanda ya taɓa tunanin a hwaɗa."

Zara'u ta tuna mai moto yana jin nauyin jakarta, ta tuna idon matan gari. Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita da ke da ɗaki guda a Tasawa cike da buhunan hatsi, ta zo ta cinye abincin mai shayarwa, ta saka musu da turaren wuta. Ta koma ɗaki ta ɗauko tuwon da kanta ta ajiye a gaban yaran, ta ce ita ta ƙoshi.

Bayan kunyar kuma sai tsoro ya biyo. Ta zauna ta dubi abin da idon basira, yadda take duba wake kafin ta saya. Kaka ɗan lokaci ce, sauran shekarar wannan ce: zafi, layin rijiya, ganye mai ɗaci, gari ba kowa. Ita kuwa ba yarinya ba ce, gwiwoyinta sun fara ƙorafi, ta saba da famfo a tsakar gida da kasuwa a bakin ƙofa. Sabiru ya yi gaskiya, kuma ba abin da ya fi wannan ciwo a wurin uwa mai gardama. Kafin magariba ta gaya wa Biba gobe za ta koma.

Biba ba ta tambayi dalili ba. Ta ce, "To, Allah shi kai mu." Ta kuma ci gaba da saƙarta.

Zara'u ta kira mai moto a salula, ya ce ba shi da isansi, wato fetur, ko ɗigo, sai ranar kasuwar Mayahi zai samu, ita kuwa kasuwar da sauran kwanaki. Ta ce wa Biba ba komai, abin da suke ci shi za ta ci har ranar. Biba ta ce ta ji, amma ba ita ce maigida ba.

Da gari ya waye, Zara'u tana zaune tana lazimi sai ta lura gidan ya yi tsit. Ta fito. Matar Salisu tana tsaye a bakin zana ta rungume goyonta tana kallon bayan gida. Zara'u ta bi inda take kallo.

Ɗan Malam ne a gindin rumbu. Ya janye ƙayar, ya kwance igiyar da ta danne jinka, tana zube a ƙasa, yana riƙe da doguwar gwafar da ake tokare jinka da ita in za a shiga. Daga nesa wasu dattawa biyu da suka fito masallaci sun tsaya suna kallo. A ƙauye irin wannan, rumbun da aka ɗaga wa jinka kafin ruwa ba ya ɓoyuwa. Kafin azahar kowa zai san Ɗan Malam ya kasa riƙe gidansa, kuma labarin zai iske Salisu duk inda yake.

Zara'u ta ƙarasa da sauri, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

"Malam, mi kake yi?"

"Ina kwana, Hajiya. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Mi kake yi?"

"Dami guda zan hiddo."

"In ka hidda guda yau, gobe na biyu ba shi da wuya. Salisu ya dawo ya noma da mi?"

"Ni na ɗaure, ni na kwance. Salisu zan yi mashi bayani." Ya soka bakin gwafar a ƙarƙashin jinka, bai dube ta ba. "Tun zamanin mai gidanki, Allah shi gahwarta mashi, ba wanda ya taɓa sauka nan daga gidanku ya ci ganye. Ba za a fara a kaina ba."

"Na ce ma Yaya zan ci."

"Ta gaya mani. Ta kuma gaya mani za ki koma." Sai yanzu ya juyo, kuma babu fushi ko kaɗan a fuskarsa. "Hajiya, na gane amsarki, ba sai kin wahalar da bakinki ba. Ban ga laihinki ba. Da ma ni ya kamata in ce ki zo ki ga bazararmu kahin ki amsa, sai na ji tsoro in kin gani ba ki yarda, na yi shiru. To ga shi kin gani. Ki ci abinci ki ƙoshi, ki tahi lahiya, in Allah ya kai mu kaka ki dawo ki yi awonki. Ɗakinki na nan."

Ya sa ƙarfi, jinka ta fara ɗagawa, ƙamshin hatsi ya fito.

Zara'u ta tsaya tana kallon sa. Da a ce don ya shawo kanta yake yi, da ta gane, don ta san ciniki, ta san yadda ake ƙara wa mai saye gyara. Amma mutumin nan ya riga ya sallama. Zai zubar da girmansa a gaban gari, ya taɓa abincin noman 'ya'yansa, saboda macen da ya tabbata ta ƙi shi, don kawai kada ta kwana da yunwa a gidansa. Ta yi tunanin ɗakinta na Tasawa, fanka tana juyawa, ita kaɗai. Zafin bai ragu ba, rijiyar ba ta matso ba, duk tana sane. Sai dai ta ga ba za ta iya hawa moto ta bar wannan mutumin a baya ba.

"Malam, tsaya in tambaye ka."

Ya tsaya, gwafa na tokare da jinka.

"Matan gidan ga, in nasu ya ƙare da bazara, ana kwance masu rumbu?"

"A'a. Matan gida ruwa suke jira, kamar kowa."

"To sauke. Ni ma ruwan zan jira."

Ɗan Malam ya dube ta, ya dubi rumbu, ya sake duban ta. Mutum ne mai tafiya a hankali ko a tunani, sai da Zara'u ta fara jin kunyar dattawan can masu kallo kafin maganar ta gama isa inda aka aike ta.

"Hajiya, kin san abin da kinka ce?"

"Na sani. Kuma kada ka ɗauka daɗin wurin na ji. Zahin ga na kashe ni, ruwanku na da kanwa, kuma zan yi ta mita har damina, gara ka sani tun yanzu. Tunda mace da hatsinta take cin rani a nan, nawa na Tasawa, zan sa a ɗoro shi ranar kasuwa, a fara mai da ma yarinyar ga nata. Kai kuma ka aika wurin manyana a yi abin da ya kamata kahin shuka, don ba ni son a ce na zamna gidan mutane haka nan."

"To," in ji Ɗan Malam. Ya gyara riƙon gwafar, ya sake cewa, "To."

Ya sauke jinkar a hankali har ta zauna daidai. Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya jefa ta ta saman rumbu, amma da ya zo ƙulli, ya ƙulla ta warware, ya sake ta sake warwarewa. Zara'u ta kama ɗaya bakin ta ja masa har ya samu ya ɗaure. Dattawan biyu suka ga ba abin kallo, suka kama hanyarsu.

Biba tana tsaye a bakin zana tun ɗazu, tana share ido da gefen zane tana cewa wai hayaƙi ne, a gidan da ba a hura wuta ba. Da Zara'u ta zo wucewa, ta tare ta.

"Ta Tasawa, na ji kin zama ta gida."

"Haka dai na ce, Yaya."

"To madalla. Tulu na nan bakin ƙohwa, ki bi yarinyar ga rijiya tun rana ba ta yi ba. Layi ba ya jiran Hajiya."

Zara'u ta shiga ɗaki ta nemo takalmanta, ta naɗe gammo da tsohon ɗankwali, ta ɗauki tulun ta bi bayan matar Salisu.